FILIN 'YAN MATA: Rauta Ta Shigo Gida, Makullin Yana Hannun Wa?



   

A fitowar nan zan ɗan jingine maganar samari da lefe, kodayake za ku ga ba ta yi nisa ba. Zancenmu na yau a kan wani ɗan akwati ne da ya shigo gidajenmu ya samu wurin zama kamar ɗan gida, wato rauta, wannan na'ura da ake sa mata layin waya ta riƙa raba wa mutanen gida intanet. Yanzu ba abin mamaki ba ne ki shiga ɗakin amarya ki gan ta a kan durowa tana ƙyalla 'yan fitilunta kusa da kwalaben turare. Amma wallahi da yawanmu iyakar saninmu da ita shi ne a kunna a kashe. Shi ya sa kukan da nake ji kullum iri ɗaya ne: an loda datar wata guda ta ƙare a kwana tara, Baba ya yi faɗa, an ce Yaya ce ta cinye, Yaya ta rantse ba ita ba ce, ƙanwa tana kuka ga rajistar jarrabawa ta matso. To, mu zauna mu warware zare da abawa.

ITA WAI MECE CE RAUTA?

Kin san wayar salula ta fara aiki a Najeriya a shekarar 2001, lokacin da mallakar layi ɗaya ma abin nunawa ne a unguwa. Daga nan aka yi ta hawa mataki, 2G, 3G, 4G, har 5G da aka fara a 2022. Duk wannan sabis ɗin daga dogayen ƙarafunan nan yake fitowa, waɗanda kike gani an kafa a unguwanni an kewaye su da shinge, janareta yana ta ƙugi a gindinsu.

To ita rauta, ki ɗauke ta a matsayin wayar da ba ta da wurin magana. Akwai layi a cikinta kamar na wayarki. Aikinta biyu ne: ta jawo sabis daga ƙarfen can na waje, sannan ta raba shi a cikin gida ta hanyar waifai. Ki riƙe wannan da kyau, domin nan ne mutane suke rikicewa. Sandunan waifai da kike gani a saman wayarki suna nuna miki kusancinki da rauta ne kawai. Ƙarfin sabis ɗin da ita rautar take samu daga waje, wannan a fitilun jikinta ake ganinsa. Shi ya sa za ki ga waifai ya cika fal a wayarki amma ko saƙon WhatsApp ya ƙi tafiya. Kamar tulu ne da randa: ko kina zaune a gindin randa, in mai garuwa bai kawo ruwa ba, ƙishirwa za ki kwana da ita.

Iri biyu ce. Akwai 'yar ƙaramar nan mai batir da ake kira maifai, tana shiga jaka, ana tafiya da ita makaranta ko gidan biki, tana ɗaukar wayoyi kamar 10. Akwai kuma babba ta ajiyewa a gida wadda ake jonawa da wuta, ta fi jan sabis, ta fi kai wa nesa, tana iya ɗaukar wayoyi 30 da 'yan kai. Amma fa duk yawan masu hawa, ƙarfin ɗaya ne ake rabawa. Tuwon mutum uku in mutum goma suka sa hannu, kin san sauran zancen.

KAFIN KI FITAR DA KUƊINKI

Abu na farko, kada ki saya don kin ga ta ƙawarki tana gudu. Sabis unguwa-unguwa ne, wani lokaci ma ɗaki-ɗaki. Layin da yake tashi sama a Tarauni yana iya zama gurgu a Kurna. Ki ari wayoyin mutanen gida masu layuka daban-daban, MTN, Airtel, Glo da sauransu, ki gwada kowanne a cikin ɗakin da za a ajiye rautar, da safe, da rana, musamman kuma bayan sallar isha'i lokacin da kowa ya dawo gida ya hau intanet. Wanda ya yi miki aiki a wannan lokacin na cunkoso, shi ne naki.

Na biyu, ki tambaya a kulle take ko a buɗe. Yawancin waɗanda kamfanonin layi suke sayarwa sun fi sauƙin kuɗi, sau da yawa har da kyautar data ta farko, amma layinsu kaɗai suke karɓa. Buɗaɗɗiya ta fi tsada, sai dai in wannan layi ya yi rauni ki cire ki sa wancan. Ga amaryar da ba ta san unguwar da za a kai ta ba, buɗaɗɗiya ta fi kwanciyar hankali.

Na uku, kada a ruɗe ki da sunan 5G. In ba ta iso unguwarku ba, tsadar banza za ki yi, domin rautar za ta koma tana aiki da 4G kamar ta kowa. Akwai kuma wani ruɗanin: wasu manyan rautoci suna fito da sunan waifai guda biyu, ɗaya mai lamba 2.4 ɗaya mai lamba 5. Wannan 5 ɗin ba shi ne 5G na ƙarfen sabis ba, hanyoyin raba waifai ne a cikin gida. Mai 5 ya fi sauri in kina kusa, mai 2.4 ya fi ratsa bango ya kai ɗakin baya.

In ta hannu za ki saya, a Farm Centre ne ko Titin Beirut ko kasuwar waya ta garinku, ki je da yayanki ko wani babba. A buɗe bayanta a gabanki ki ga batirin bai kumbura ba, a sa layinki a gwada kafin ki biya, a kuma ba ki rasit. Araha ba ta ado, kayan sata kuwa jawo wa mutum zaman ofishin 'yan sanda yake yi.

Sai babbar magana, wato layin da za a sa a ciki. Tun watan Disamba na 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Ma'ana kowane layi yana da mai shi a rubuce. Saboda haka layin rautarki ya zama da sunanki aka yi masa rajista, ko da sunan mahaifi ko mahaifiya in ke ƙarama ce. Kada ki yarda da layin da aka ce miki an riga an yi masa rajista, kawai ki sa ki yi aiki, ba ki san hannun da ya bi ba. Kuma kada ki kuskura ki sa layin da kike karɓar saƙon banki da shi a cikin rauta. Saƙonnin tes da suke shigowa layin ana karanta su ne a shafin rautar, duk wanda ya iya shiga shafin zai ga lambobin sirrin da banki yake turo miki.

MAKULLI BIYU NE, BA ƊAYA BA

Yawancinmu makulli ɗaya muka sani, wato kalmar sirrin da ake sa wa waya ta hau waifai. Wannan makullin ƙofar zaure ne. Akwai na biyu, na uwar ɗaka, wanda da shi ake shiga cikin saitin rautar kanta. Wanda ya riƙe wannan shi ne mai gida, ko da ke kika biya kuɗin.

Ga yadda ake shiga. Ki juya bayan rautar, in maifai ce ki cire murfi da batir, za ki ga wata 'yar takarda a manne. A jikinta an rubuta sunan waifai, da kalmar sirrinsa, da wasu lambobi masu ɗigo a tsakani, yawanci 192.168.8.1 ko 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Ki haɗa wayarki da waifai ɗin, ki buɗe Chrome ko duk manhajar da kike shiga intanet da ita, ki rubuta lambobin nan a sama inda ake rubuta adireshi. Shafi zai buɗe ya nemi suna da kalmar sirri. Wannan shafin a cikin rautar yake, ko babu data zai buɗe. A da yawa daga cikinsu kalmar da kamfani ya sa ita ce admin, kuma duk yaron da ke gyaran waya a bakin titi ya san haka. Kin ga ke nan in kin bar ta yadda ta zo, kin rufe ƙofa ne kin bar makulli a jiki.

Ranar da rauta ta shigo gida, kafin a yi komai, abu uku za ki canza.

Ki canza kalmar sirrin shiga saiti, ki rubuta ta a littafin da ke kaɗai kika san inda yake, Mama ta sani in ita ce mai biyan kuɗi.

Ki canza kalmar sirrin waifai. Ba ta yin ƙasa da harafi 8, amma ki kai ta 12 ko fiye, ki cakuɗa manyan haruffa da ƙanana da lambobi. Don Allah ban da 12345678, ban da lambar wayarki, ban da sunanki da shekarar haihuwarki, ban da sunan wanda kike so, domin yaran unguwa sun fi ki sanin sunan nan. Ki haɗa kalmomi uku da ba su da dangi da juna, irin su kayan miya da sunan tsuntsu da wata lamba, ke kin riƙe, wani ba zai canka ba. A wurin da ake zaɓen irin tsaro ki bar shi a kan WPA2, ko WPA3 in rautar tana da shi.

Ki canza sunan waifai ɗin. Nan ma a yi hankali. Sunan nan duk wanda ya wuce ta ƙofar gidanku ya buɗe wayarsa zai gani. Me ya kai budurwa ta rubuta sunanta da laƙabinta ta rataya a iska, majalisar samarin layi suna karantawa? Ki sa suna mara ma'ana wanda ba zai nuna gidan wa ba ne.

In rautarki tana da wani maɓalli da aka rubuta WPS, ki shiga saiti ki kashe shi. Amfaninsa shi ne in an danna, waya takan hau ba tare da kalmar sirri ba na ɗan lokaci. Baƙo mai wayo yana iya dannawa kina kicin kina haɗa masa lemo.

Sannan ki san wannan: wayoyin yanzu suna iya nuna kalmar sirrin waifai da suka taɓa hawa, su fito da ita a wani hoto mai ɗige-ɗige, wani ya ɗauka da kyamararsa ya hau. Wato ko ke da hannunki kika sa wa ƙaninki kalmar ba ki faɗa masa ba, yana iya raba wa abokansa biyar a ƙofar gida kafin magariba. Da ɗan gari akan ci gari. Maganin abin shi ne ki riƙa leƙa shafin saiti, akwai wurin da yake jera duk wayoyin da suke kai a lokacin. Ki ƙirga. In wayoyin gidanku shida ne kika ga tara, to akwai baƙin da ba su yi sallama ba. Kina iya toshe su ɗaya bayan ɗaya, amma da yake wayoyin zamani suna iya sauya lambar da rauta take gane su da ita su dawo, abin da ya fi shi ne ki canza kalmar sirrin gaba ɗaya, kowa ya sauka, ki sake sa wa na gida. Ki mai da wannan al'ada duk ƙarshen wata, ranar da aka loda sabuwar data.

WA YAKE CINYE DATAR?

Yanzu mu zo kan abin da yake haɗa 'yan gida ɗaya faɗa. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100 a watan Janairu na 2025, kowane giga ya zama abin lissafi, a gidan da ake auna shinkafa da gwangwani.

Sau da yawa ɓarawon ba mutum ba ne, wayoyin ne da kansu. Ita waya an gina ta ne a kan cewa datar layi ta kuɗi ce a yi tattali, waifai kuwa kyauta ne a sha a yi wanka. Saboda haka duk manyan ayyukanta sai ta ajiye su tana jira. Da zarar ta ji ta hau waifai sai ta saki jiki: ta fara sabunta manhajoji, ta kwashe hotuna da bidiyon bikin da kika ɗauka ta tura ma'ajiyar Google, WhatsApp ya sauke duk bidiyon da aka zuba a guruf ɗin 'yan ajinku da na dangi da na 'yan anko. Ita ba ta san waifai ɗin nan daga layi yake ba, kuma Baba ne ya biya. Wayoyi shida su yi haka cikin dare ɗaya kowa yana barci, da safe a tashi ana zargin juna.

Ga magani, kuma a kowace waya ta gidan za a yi. In Android ce, ki shiga saitin waifai, ki danna sunan rautarku, ki nemi inda aka rubuta Metered ki zaɓa, wato kin gaya wa wayar wannan waifai na awo ne. In iPhone ce, Low Data Mode ake kunnawa a wurin. Ki shiga Play Store ki hana manhajoji sabunta kansu sai kin ba da izini. Ki shiga saitin WhatsApp wajen ajiya da data, ki cire bidiyo daga abubuwan da suke sauka da kansu a kan waifai. In akwai kwamfuta ko talabijin mai hawa intanet a gidan, su ne manyan maciya, a sa musu ido.

Sai kuma mu kanmu, gaskiya ɗaya ce. Rubutu ba ya cin komai. Littafin soyayya sukutum, tun daga haɗuwa har ɗaurin aure, in rubutu ne zalla da ƙyar ya wuce mega 1 ko 2, alhali giga ɗaya mega 1000 ne da ɗoriya. Amma kallon fim mai kaifin hoto yana iya lashe giga 1 zuwa 3 a awa guda. Ki lissafa awannin da ake yi ana jan TikTok da yatsa, da fassarar Indiya, da shirye-shiryen Kannywood masu dogon zango a YouTube. Ba na ce a daina kallo ba, nima ina yi. Amma a kan fuskar waya 'yar tafin hannu, in kin rage kaifin hoton zuwa 360 ko 480 za ki ga komai sarai, datar kuma ta yi miki auki.

A shafin saiti akwai wurin da yake nuna abin da aka ci, da yawa ma ana iya sa musu iyaka su yi gargaɗi in an kusa kaiwa. Ki raba datar wata gida huɗu, duk Juma'a ki duba ko an wuce kason sati. Tun 2023 lambobin tambaya sun zama iri ɗaya a duk layukan Najeriya: *323# don ganin ragowar data, *312# don sayen data, *310# don ragowar kuɗi, 300 don kiran kamfani. In kin kai kuka ga kamfani ba a share miki hawaye ba, 622 ita ce lambar ƙorafi ta NCC. Yawancin rautoci suna da wurin danna irin waɗannan lambobi a cikin shafinsu.

Ki kuma karanta sharaɗi kafin ki sayi wadda ake cewa ba ta da iyaka. Yawanci akwai adadin da in an kai shi ake rage gudun, ta koma tafiyar hawainiya. Ki riƙe ranar ƙarewar datarki, domin kamfanoni sukan haɗa miki ragowar da sabuwa ne in kin sabunta a kan lokaci. Layin da aka jefar a durowa watanni masu yawa ba a amfani da shi kuwa, kamfani yana iya karɓe shi ya sayar wa wani.

INDA ZA TA ZAUNA DA YADDA ZA TA YI ƘARKO

Rauta ba ta son ƙasa, ba ta son lungu. Ki ɗora ta a sama kusa da taga, ta ɓangaren da ƙarfen sabis yake in kin san wajen. Kada ki sa ta cikin kabad ɗin kwanuka, ko bayan firij, ko bayan talabijin, domin ƙarfe da kaurin bango suna danne sabis. Ki zagaya da ita ɗaki-ɗaki kina kallon fitilun, wani lokaci taku uku kawai ne tsakanin sanda ɗaya da sanda huɗu.

Zafi shi ne babban makiyinta. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Kano yake haura 40 a ma'auni, kada ki bar ta inda rana take dukanta, kada ki lulluɓe ta da ɗan kwali wai don ƙura, kada ki tura maifai ƙarƙashin matashi ki kwanta. Barin maifai a jikin caji dare da rana yana kumbura batir. In kika ga murfin baya ya fara ɗagowa, ki daina amfani da batirin nan take a sayo wani, kumburarren batir yana iya kamawa da wuta. Ita kuma babbar, da cajarta ta asali za a riƙa jona ta, yawancinsu masu bolt 12 ne. In an ɗauke wuta a zare ta daga soket, saboda irin ƙarfin da wutar takan dawo da shi. Akwai ƙaramin batirin ajiya da ake sayarwa musamman dominta, yana riƙe ta 'yan awanni.

In intanet ya tsaya kada ki yi saurin kai ta wajen mai gyara. Ki fara duba data, sannan ki kashe ta ki ƙirga talatin ki kunna, sannan ki cire layin ki goge ki mayar. Ki tambayi maƙwabta masu irin layinki, wataƙila matsalar daga sama ce. Ko a watan Maris na 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace ta wajen gaɓar Kodebuwa, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama har da Najeriya sun yi kwanaki suna fama, ba laifin rautar kowa ba ne. Akwai wani ɗan rami a jikinta da aka rubuta Reset. In an tura tsinke aka danne na 'yan daƙiƙoƙi, komai yana gogewa ta koma yadda ta fito daga kamfani. Amfaninsa ranar da kika manta kalmar sirri. Amma ki lura, wanda duk hannunsa ya kai gare ta zai iya yin haka ya karanta takardar baya ya hau. Saboda haka mazauninta ɗakin Mama ko naki, ban da zaure.

KYAUTAR SAURAYI DA WAIFAI NA MUTANE

Na ce muku maganar samari ba ta yi nisa ba. A da turare ne da atamfa da kaset, yanzu har maifai ake kawowa zance, an loda mata data, wai don a riƙa jin muryar juna. Ƙanwata, kafin ki karɓa ki yi wa kanki tambaya: layin da ke ciki da sunan wa aka yi rajista? In da sunansa ne, to nasa ne. Yana iya ganin yawan datar da kike ci da lokacin da take tafiya, ya wayi gari yana tuhumarki da wa kike hira ƙarfe ɗayan dare. Ranar da kuka ɓata ya daina lodawa, ko ya je ofis a rufe layin a ba shi sabo, ke kuwa ga ranar cike fom ta zo. Zanen aro ba ya rufe katara. Wanda bai kai kuɗin gaisuwa gidanku ba, bai kamata a ce makullin karatunki yana aljihunsa ba. In har za a karɓa, to da sanin iyaye, ki sa layinki, ki danna ramin nan ki sake saita komai da hannunki. Mai sonki da gaskiya ba zai ji haushin wannan ba.

Haka nan hawa waifai ɗin da ba ki san mai shi ba. Saƙonnin WhatsApp a kulle suke tun 2016, mai rauta ba zai karanta hirarki ba. Amma zai ga sunan wayarki, wanda sau da yawa sunanki ne, zai ga lokacin da kika hau da wanda kika sauka, masu wayo ma suna iya gane shafukan da aka ziyarta. Kada ki yi harkar banki a kan waifai na wani, kada ki shigar da lambar NIN ɗinki. Duk waifai da kika gani a buɗe babu makulli, ki tuna banza ba ta kai zomo kasuwa.

ZAMAN GIDA DA MAƘWABTA

Ke ma kada ki zama mai hawa na mutane a ɓoye. Data dukiya ce, da gumi aka saya, ci ba da izinin mai ita ba haƙƙi ne, ko da ba a ga hannunki a aljihun kowa ba. In kuma maƙwabciya ta roƙe ki don ta duba sakamakon WAEC ko NECO, ki taimaka mata, maƙwabtaka tana da haƙƙinta. Wasu rautocin suna da ƙofar baƙi, wato waifai na biyu mai kalmar sirrinsa daban da za ki kunna ki kashe in an gama. In taki ba ta da shi, ki ba ta ta yi abin da ya kawo ta, daga baya ki canza kalmar ba tare da kin ɓata fuska ba. Ki dai tuna duk abin da aka aikata ta kan layin nan, sunan mai rajista za a fara nema.

A cikin gida kuwa a zauna a yi magana tun ranar farko: nawa ake lodawa, wa yake biya, ƙarfe nawa ake kashewa. Ni shawarata in an yi shirin kwanciya a kashe ta, data ta huta, na'ura ta huce, ido ya samu barci, asuba ba ta wuce mutum ba. A gidan da ake da ƙanana, Yaya ita ce mai sa ido a kan abin da suke kallo. Kuma mai jarrabawa a gaba ita ce da kaso na farko. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, yarinyar da ta saba gwada tsofaffin tambayoyi a intanet ba za ta je hannunta yana rawa ba. Abin takaici ne a ce datar da za ta yi wannan ta tafi a kallon rawar bikin mutanen da ba su san da zamanmu ba.

To 'yan uwa, yau kafin ki kwanta ki juya bayan rautar gidanku, ki shiga shafin nan, ki ƙirga wayoyin da ke kai, ki canza makullan biyu. Aikin minti goma ne. Wadda ta gwada ta rubuto mini ta gaya mini baƙi nawa ta tarar, za mu buga wasiƙun da suka fi ban dariya.

A fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu za mu tattauna a kan hotunan 'yan mata da ake turawa samari, da inda suke ƙarewa bayan an rabu. Kafin nan a gaishe mini da su Mama, a dage da karatu, a riƙe sallah.

Wassalam. Taku har kullum,
'yar'uwarku mai wannan fili.